Babi na Bakwai: Man da ke Cikin Tsohuwar Taya

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Diffa, wadda hukuma ke kira RN1, ta bi ta Gidan Rumji ne, kimanin kilomita 50 kafin a shiga Maraɗi. Duk abin da ke tafiya a kanta, a kan roba yake tafiya: tirelolin albasar Galmi, tankokin mai, motocin fasinja, 'yan kabu-kabu, har da amalanken da shanu ke ja a gefen kwalta. Kowace taya kuma da ranar mutuwarta. Masu masana'antar taya da kansu sun ƙiyasta cewa kusan biliyan 1 ne ke gama aiki duk shekara a faɗin duniya. Kason Gidan Rumji a cikin wannan lissafi bai taka kara ya karya ba, amma ana ganinsa jibge a bayan rumfar kowane mai faci.

'Yan shekarun nan wani bidiyo, ko in ce dangin bidiyoyi, ya yi ta yawo a wayoyin matasa da na alhazai. Ana nuna wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kwance, ma'aikata na cusa mata tsofaffin tayoyi, a rufe ƙofa, a hura wuta, can sai ga baƙin mai yana tsiyaya cikin duro. Lokacin da ya zo ya taimaka masa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya, arahar da 'yan ruwa-ruwa suka saba kawowa daga ƙetaren iyaka ta yi ƙaura. Matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kuma a watan Maris na 2025 an ga yadda layin mai ya miƙe a biranen Nijar, ƙasar da ke sayar wa duniya ɗanyen mai ta bututun Benin. Wanda ya kwana a layin esansi, in ka nuna masa mai na fitowa daga shara, dole ya tsaya ya kalla.

Abin da bidiyon ke nunawa gaskiya ne, ba siddabaru ba. Babban kason taya daga mai ya fito tun farko. Wajen rabin nauyinta roba ce, wata daga ƙaron itacen roba, wata daga man fetur. Kashi ɗaya cikin huɗu, ko ƙasa kaɗan, wani baƙin gari ne mai laushi, dangin kunkunniya, wanda ake samu ta hanyar ƙona mai mai kauri da iska kaɗan. Shi ya ba taya baƙinta da juriyarta, domin robar asali fara-fara ce. Sai wayar ƙarfe, da zaren roba da aka shimfiɗa a ciki, da 'yar tutiya, da farar wuta. Wannan ta ƙarshen, ko da yake ba ta fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, ita ce uwar matsalar. A 1839 Charles Goodyear ya gano a Amurka cewa in aka dafa roba da farar wuta sai ta daina narkewa da zafi, ta daina daskarewa da sanyi. Wannan ya sa taya ke jure kwaltar watan Afrilu, kuma shi ya hana a narkar da ita a sake zuba sabuwa kamar yadda maƙeran tukwane ke yi da sanholo. Farar wutar ta ɗaure zaren robar da juna, ɗaurin da ba ya kwancewa. Sai dai a tsinka shi, kuma zafi ne ke tsinkawa.

Masana na kiran aikin pirolisis, amma duk wanda ya taɓa ganin an yi gawayi ya ga uwarsa. Mai gawayi yana jera itace, ya rufe da ƙasa, ya bar wa wuta 'yar kafa. Da ya bar iska ta shiga yadda take so, toka zai kwasa. Da yake ya hana ta, itacen sai ya gasu: ruwa da hayaƙi su fice, baƙin ya rage. Mai gasa taya ya ƙara abu ɗaya ne kawai, wato ba ya barin hayaƙin ya tafi. Tukunyarsa rufe take ruf, wutar tana waje, a ƙarƙashi. In zafin ciki ya kai digiri 400 zuwa 500, robar ta fara farfashewa ta zama tururi mai kauri. Tururin ya bi bututu, bututun ya ratsa cikin ruwan sanyi, abin da zai koma ruwa ya koma, shi ne man. Abin da ya ƙi komawa gas ne mai kama wuta, sai a juya shi zuwa murhun tukunyar ya ci gaba da gasa 'yan uwansa. Bayan an kashe wuta an jira ƙarfe ya huce, a buɗe a tarar da baƙin gari da curin waya.

Daga kilo 100 na taya ana samun mai kilo 35 zuwa 45, baƙin gari 30 zuwa 35, waya 10 zuwa 15, saura gas. Tukwanen da aka fi tallatawa a Afirka daga lardin Henan na ƙasar Sin suke fitowa, daga garuruwa irin Shangqiu da Xinxiang, kuma mai matsakaicin girma tana cin tan 10 a zubi guda. Zubi guda, da lodi da gashi da hucewa da kwashewa, yini da kwana ne. Tan 10 na ba da mai kamar tan 4, wato lita 4,000 da ɗoriya, duro 20 da 'yan kai. Alhajin da ya buga wannan da farashin litar gazuwal zai ga kuɗinsa sun dawo kafin shekara ta zagayo.

Sai dai bai buga ɗaya gefen ba. Tayar ƙaramar mota kilo 8 zuwa 10 ce, ta tirela kuwa kilo 50 zuwa 60. Tan 10 ke nan tayar ƙaramar mota 1,000 ko fiye, ko ta tirela kusan 180. Kullum. In tukunyar za ta yi aiki kwana 300 a shekara, tana bukatar tayar ƙananan motoci 300,000. Gundumar Gidan Rumji, da Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa duka a ciki, ta haura mutum rabin miliyan tun ƙidayar 2012, amma yawancinsu manoma ne da makiyaya, abin hawansu babur da amalanke da jaki. Jibgin da ke bayan rumfunan faci, wanda ido ke gani kamar dutse, bai isa abincin tukunyar na mako biyu ba. Kuma ko shi ɗin ma yana da masu shi.

A nan ne lissafin Turai da namu suka raba hanya. A Tarayyar Turai an hana zuba cikakkiyar taya a juji tun 2003, yankakkiya kuma tun 2006. Mai sayen sabuwar taya a Faransa yana biyan wani ɗan kuɗi a cikin farashinta, kuɗin da kamfanonin taya ke tarawa ta hannun ƙungiyarsu Aliapur don a kwashe tsohuwar. Saboda haka masana'antar da ke gasa taya a can kyauta take samun kayan aikinta, wani lokaci ma biyan ta ake yi ta karɓa. A nan ƙasar Gobir kuwa je ka ce wa mai faci, "Malam, ba ni waɗancan in rage maka shara," ka ji abin da zai gaya maka. Taya a nan tana mutuwa ne sau uku ko huɗu. Da yawa ma da tsufansu suka iso, an ciro su daga motocin Turai. Najeriya ta sa tsohuwar taya cikin jerin kayan da ta haramta shigowa da su, amma kowa ya san tana shiga. In ta gama a mota mai dogon zango sai ta koma ta ƙauye, daga nan ta sauka ƙafar amalanke, inda ba a damu da sulɓinta ba. In ta fashe fashewar da faci ba ya kamawa, sai masu wuƙa su karɓe ta. Daga bayanta a yanka takalmin da makiyayi zai taka ƙaya da shi shekara da shekaru. Daga gefenta a fere robar ɗaure kaya a babur. Ta tirela a tsaga ta biyu ta zama kwamin shayar da tumaki, ko a ɗora ta a bakin rijiya don kada igiya ta ci ƙasar. Tsohon tub ya zama guga, ragowarsa yara su yi danƙo. Ni a ganina duk wani tsarin sarrafa taya da zai ƙwace ta daga hannun waɗannan mutane don ya mai da ita mai, asara ya kawo, ko da takardunsa sun nuna riba. Takalmi ɗaya da ya yi shekara uku a ƙafa ya fi rabin litar baƙin mai da zai ƙone cikin minti kaɗan.

To a ce an samu tayar. Tsugune ba ta ƙare ba, domin man da ke tsiyaya ɗin ba gazuwal ba ne, duk da abin da dillalin injin zai faɗa. Farar wutar Goodyear ba ta ɓace a tukunya ba: wata ta zauna a baƙin garin, wata ta bi gas, wata ta sauka cikin man, wanda yakan ɗauki kusan kashi 1 cikin 100. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen Afirka ta Yamma sun amince a Wagadugu cewa gazuwal ɗin da za a riƙa shigowa da shi kada farar wutarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Kashi 1 cikin 100 kuwa 10,000 ne cikin miliyan, ninki 200 ke nan. Ban da haka man yana da kauri, yana ɗauke da ɗan ruwa da ƙurar baƙin gari, ba ya kama wuta da sauri a cikin injin dizal, yana toshe nozul, yana cin famfo. Injin niƙa ko na ban ruwa zai tashi da shi in an gauraya da gazuwal, ya yi aiki kwana biyu yana baƙin hayaƙi, sannan mai shi ya fara zarya wurin bakanike. In har aka fara yinsa a yankin nan, ta wannan ƙofa nake tsoron zai shiga kasuwa: a kwalba, a bakin hanya, a cakuɗe, manomin fadama ya saya bai sani ba.

Akwai kuma haɗarin ajiya. Gazuwal na gaskiya sai ya yi zafin digiri 55 ko fiye kafin tururinsa ya iya kama wuta daga tartsatsi. Ɗanyen man taya yana da wani kaso mai sauƙi irin na esansi a cikinsa, har sau da yawa tururinsa kan kama a ƙasa da digiri 40. Wanda ya san inuwar Maraɗi a watan Afrilu da Mayu ya san abin da wannan ke nufi ga duro 20 a cikin shago mai rufin kwano. (Wani abin mamaki: a cikin wannan mai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai akwai sinadarin da ke ba ɓawon lemo ƙamshinsa, kuma masana sun daɗe suna neman hanyar tsame shi da riba.) Inda man ke da kasuwa ta halal shi ne manyan murahu: masana'antar narka ƙarfe, ta gilashi, ta siminti, tukunyar dafa kwalta. Gidan Rumji ba ta da ko ɗaya.

Baƙin garin ya fi man wahalar sha'ani. Tukunya mai tan 10 tana zubar da tan 3 ko fiye duk zubi, wajen tan 1,000 a shekara. Kamfanin taya ba zai saye shi a haka ba, don yana cike da toka da tutiya da farar wuta. Sai an niƙa, an tace, an dunƙule shi da injuna masu tsadar da ta fi ta tukunyar kanta. Manyan kamfanonin da suka ɗauki abin da gaske, a nan suka zuba kuɗinsu. Pyrum, a garin Dillingen na Jamus, ya samu jarin kamfanin sinadarai na BASF a 2020, kuma BASF ɗin ne ke karɓar man ya sarrafa shi a matsayin kayan haɗa roba. A shekarar ce kuma kamfanin taya na Michelin ya sayi hannun jari a kamfanin Enviro na Suwidin, idonsa a kan baƙin garin da zai mayar cikin sabuwar taya. Waɗannan masana'antu a rufe suke daga farko har ƙarshe, ana tace hayaƙinsu, ana auna shi. Tukunyar bidiyo kuwa da shebur ake kwashe ta, ma'aikaci ya shiga ciki tun ba ta gama hucewa ba, ya fito idanu kawai ake gani. Garin ya fi toka laushi. A iskar hunturu babu katangar da za ta tsare shi daga randar ruwa, da shanyar gero, da huhun jariri.

Indiya ta riga mu bin wannan hanya, kuma abin da ta gani a rubuce yake. A 2019 hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta ƙasar ta ƙidaya masana'antun gasa taya 637 a jihohi 19, ta ce 270 ba sa bin ƙa'ida. Tukwanen sun yi yawa har tayar Indiya ta kasa ciyar da su, sai aka koma shigo da ita a jiragen ruwa daga Ingila da Ostireliya da ƙasashen Larabawa. Yadda abin ke tafiya ke nan: an kawo injin don ya share sharar gida, ya ƙare yana janyo ta waje. Binciken da BBC ta fitar a Maris 2025 ya bi tayoyin Ingila har cikin irin waɗannan wurare, ya kuma kawo labarin fashewar da ta auku a Wada, jihar Maharashtra, a watan Janairun shekarar, inda mata biyu da yara biyu suka rasu. Fashewa irin wannan ba ta da wuyar fahimta. Tukunya cike take da gas mai zafi. In bututu ya toshe, ko iska ta sami kafar shiga, ko aka buɗe ƙofa da gaggawa don a yi sabon lodi, shi ke nan. A Malesiya kuma, a Maris 2019, an zubar da dagwalon sinadarai a kogin Kim Kim na Pasir Gudang, dubban mutane suka kamu da ciwo, aka rufe makarantu 111, kuma waɗanda aka gurfanar a kotu mutanen wata masana'antar sarrafa tsohuwar taya ne.

Tukunyar tana bukatar lantarki don ta riƙa juyawa, famfon ruwan sanyaya ma haka. Wutar yankin Maraɗi ta dogara ƙwarai da layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, kuma ba a manta watannin da Najeriya ta katse wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi, tururi na tasowa famfo ya tsaya, ba irin ɗaukewar da ake cewa "bari ta dawo" ba ce. Farkon hura wutar ma, kafin gas ya fara fitowa, da itace ake yi a yawancin ƙananan wuraren, sa'o'i da dama duk zubi. Wannan a ƙasar da manoma suka shafe fiye da shekara 40 suna renon kututture a gonakinsu, tun aikin da Tony Rinaudo ya fara da su a Maraɗi a 1983, har ƙauyuka irin Ɗan Saga na Agiye suka yi suna a duniya saboda itatuwan da suka dawo da su.

Ruwan ne ya fi damuna. Ruwan da ya sanyaya bututu, da wanda aka raba da man, yana fitowa da guba a cikinsa, kuma mai ƙaramar masana'anta rami yake haƙa masa a bayan katanga. A kwarin Gulbin Maraɗi ruwa kusa yake, ƙasar kuma yashi ce, abin da ka zuba yau yana hanyarsa ta zuwa rijiyar mai lambun zogale. Mutanen wannan gunduma ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. A Tsibirin Gobir, daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, an sha ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid, ruwa garau ba wari ba launi, sai da dubban yara suka taso da haƙora masu tsatsa, wasu da ƙasusuwa a lanƙwashe, kafin a rufe ta. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Wancan sinadarin daga dutsen ƙarƙashin ƙasa ya fito, ba wanda ya zuba shi, amma shekarun da aka ɗauka kafin a auna, a yarda, a ɗauki mataki, su ne abin dubawa ga duk wanda zai ce hukuma za ta sa ido a kan ramin dagwalon wata masana'anta a bayan gari.

Dillalan injin sukan ƙara da cewa tukunyar tana cin tsumma ma. Magana ce mai daɗin ji a Maraɗi, garin da a baya dilolin gwanjo suka daɗe suna sauka daga tashar Kwatano kafin su tsallaka Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, cinikin da ya taimaka wajen gina dukiyar alhazan garin. Gwanjo yana barin shara, babu musu: a kasuwar Kantamanto ta Akara, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shiga duk mako, kashi 40 cikin 100 kuma su fita a matsayin shara. Amma tufa ba taya ba ce. Auduga kusan rabin nauyinta oksijin ne, in aka gasa ta sai ta ba da gawayi da wani ruwa-ruwan mai mai tsami wanda ke cin ƙarfe. Fiye da rabin zaren da duniya ke saƙawa yau poliyesta ne, ɗan uwan robar gorar ruwa, shi ma sulusinsa oksijin. Abin da yake fitarwa ya fi yawa a gas marar amfani da wani farin gari mai daskarewa a cikin bututu ya toshe shi, mun kuwa ga abin da toshewar bututu ke jawowa. Rigunan sanyi masu kama da ulu, waɗanda ke cika kasuwa da hunturu, yawancinsu akirilik ne, kuma gashinsu na sakin iskar sayanayid mai kisa. Ga maɓalli, ga zif, ga rini, ga auduga da roba a saƙe cikin zare ɗaya. Masu bincike suna ta gwada haɗa tsumma da taya a ɗakunan gwaji, wasu da sakamako mai ƙarfafa gwiwa, amma tsakanin wannan da cusa dilar gwanjo a tukunyar Henan akwai tafiya. Tsumman ƙauye ma, kamar tayar, yana da aikinsa: cikon matashi da katifa, gammo, akumarin jaki, igiyar turke, goge hannu a gareji.

Duk da wannan, ba zan ce a bar abin yadda yake ba, domin yadda yake ɗin ma wuta ce. Bayan masu takalmi da masu kwami sun ɗebi nasu, akwai ragowar da ba mai so, musamman tayoyin zamani masu waya a ko'ina cikin jikinsu, waɗanda wuƙa ba ta shiga. Su ne yara ke tarawa a bayan gari su cinna musu wuta don su ciro wayar su kai wa 'yan gwangwan. Su ne kuma wasu mahauta ke babbaka kai da ƙafa da ganda da su, hayaƙin yana shiga naman da za a ci. Ƙonawa a fili ta fi mafi munin tukunya muni: man duka, da gas, da baƙin garin, sama suke tafiya ko su tsiyaye cikin ƙasa, don a tsira da kilo ɗaya na waya. Wadda ba a ƙona ba kuma tana tara ruwan damina ta zama gidan sauro. Wani sauron Asiya mai yaɗa zazzaɓin dengi a cikin tsofaffin tayoyi ya ƙetara teku, aka gan shi a Houston ta Amurka a 1985, a kudancin Najeriya kuma a 1991. Tara tayoyin wuri ɗaya ba tare da mai saye ba shi ma haɗari ne. Jujin Sulaibiya na Kuwait ya haura taya miliyan 40 kafin a kwashe shi, bayan gobarar da aka riƙa hango hayaƙinta daga sararin samaniya.

Wannan ragowar ita ce ainihin sharar, kuma ita ya kamata a nemo wa mafita. Mafita mafi kusa tana kan RN1 ɗin nan, yamma, ƙasa da kilomita 200: masana'antar siminti ta Malbaza. Murhun siminti yana dafa dutse a digiri 1,450, zafin da ke cinye taya ƙurmus, ƙarfen wayar ya shige cikin simintin, farar wutar kuma farar ƙasar da ake dafawa ta kama mafi yawanta. Kilo ɗaya na taya yana ba da zafin da ya kai na kwal mai kyau, shi ya sa masana'antun siminti a Turai da Japan da Amurka suka shafe shekaru da dama suna ƙona ta. Sai an yi wa murhu ƙofar zubawa da na'urar auna hayaƙi, wannan kuwa shawara ce ta masu masana'anta da gwamnati. Haka masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato. Wata hanyar ita ce niƙawa: a Ibadan kamfanin Freee Recycle yana mai da garin taya tubalin daɓe da silifa, ba tare da an gasa komai ba. In kuma lallai sai an tatsi mai, wurinsa babban birni ne mai motoci da masana'antu, irin Kano, inda taya ke da yawa, mai sayen man yana kusa, kuma jarin ya isa a sayi matatar hayaƙi tare da tukunyar.

Rabon Gidan Rumji a cikin kowanne daga waɗannan shi ne tarawa da yankawa da lodi. Fili mai katanga nesa da gidaje, a raba jibgin ƙanana-ƙanana da tazara a tsakani saboda gobara, a huda ko a tsaga kowace taya kada ta riƙe ruwa, injin yanka guda ɗaya, sai yarjejeniya da direbobin da ke komawa yamma ba kaya. Ma'aikatar magajin gari tana iya ba da filin, ta kuma hana babbaka da taya a mahauta, muddin ta nuna wa mahautan abin da za su hura a madadinta, gas ko kara. Farashin da za a sayi ragowar tayar kuwa ba a ofis za a yanke shi ba. Yaron da ke ƙona taya ya san abin da ɗan gwangwan ke biya kan kilon waya, kuma duk mai tarawa sai ya ɗora wani abu a kan wannan kuɗin, a hannu, a ranar, kafin yaron ya yarda ya gangaro masa da ita ɗungum.